Zoben da Ya Gangara Ƙarƙashin Katako

A ƙauyenmu, idan aka ce "motar", ba sai an tambayi wacce ba. Ta Kaka Gunvor ake nufi. Shuɗiya ce, ta haura shekara sittin. Duk tsawon sanyi a rufe take cikin rumfar katako. Sai ƙanƙara ta narke ake fito da ita. Ran nan har tsofaffi kan tsaya a bakin titi suna kallo.

Kaka Gunvor tana da jika 'yar aji huɗu. Yarinyar kirki ce, sai dai bakinta yana riga tunaninta.

A bana Malama Berit za ta ajiye aiki, bayan shekara arba'in tana koyarwa. Ranar rufe makaranta, yara kan taru a coci da ƙarfe tara su yi waƙoƙi. Wata rana kafin bikin, sai yarinyar ta miƙe a gaban aji.

"Malama, a motar kakata za mu kai ki."

Malama Berit ta cire tabarau ta dube ta. "Tun ina budurwa nake ganin motar nan tana wucewa," in ji ta. "Ban taɓa shiga ba."

Da Kaka ta ji labari, sai ta yi dariya. "Wato kin yi kyauta da abin da ba naki ba. To, sai ki biya da gumi. Za a yi wa motar juye, a canza mata baƙin mai."

Kaka ta yi shekara talatin tana gyaran manyan motoci. Yanzu gwiwa ta hana ta sauka ramin gyara. Don haka ana gobe biki, yarinyar ce ta sauka da sifana a hannu.

Ba ta taɓa ganin cikin motar ta ƙasa ba. Ta ɗaga fitila. Ƙarafa da bututu ko'ina, kowanne tsaf a wurinsa. Mamaki ya kama ta, har ta manta abin da ya kawo ta.

"Kin yi barci ne?" in ji Kaka daga sama. "Ga tukunyar mai nan a saitin kanki. Kwance notin da ke gindinta."

Ta kwance. Tsohon mai ya zubo cikin kwano, baƙi ƙirin. Da ya gama tsiyaya, Kaka ta miƙo mata wani ɗan zobe na jan ƙarfe.

"Cire tsohon zoben daga jikin notin, ki sa wannan. Shi ke hana yoyo. Guda ɗaya ne, mako uku na yi ina jiransa daga gidan waya."

Kaka ta tafi ɗora kofi. Hannun yarinyar duk mai ne. Zoben ya suɓuce, ya gangara, ya faɗa tsagar katakon da ke ƙasan ramin. Ta zura yatsa, ta zura waya. Ko ƙyallinsa ba ta gani ba.

Ta dubi tsohon zoben. Ai kamarsu ɗaya, in ji ta a ranta. Ta mayar da shi, ta ɗaure notin iya ƙarfinta.

"Kin sa sabon?" in ji Kaka da ta dawo.

"Na sa."

Suka zuba sabon mai. Kaka ta shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin motar, kamar yadda take yi bayan kowane juye.

Da safe yarinyar ta shigo rumfa da farar rigar biki. Ta tarar da Kaka a tsaye, riƙe da kwalin. Mai ya jiƙa tsakiyarsa, faɗin faranti.

"Kwali ba ya ƙarya," in ji Kaka. "Saura ke."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai.

"Idan man ya ƙare a hanya, injin ya ƙone," in ji Kaka. "Irinsa kuwa an daina ƙerawa. A haka ba inda za ta je."

"Malama tana jira, Kaka. Na yi mata alkawari a gaban kowa."

Kaka ta dubi agogo. Takwas ta wuce. Shagon kayan mota mafi kusa tafiyar awa guda ne.

"Da jiya kika faɗa, da mun gyara muna shan kofi. Share hawayen, kafin ki cika mini ramin da ruwa. Ɗora rigar aiki ki sauka."

Ta sauka da kwano mai tsabta. Ta kwance notin, ta tare sabon man a ciki, ta miƙo tsohon zoben.

"Dube shi," in ji Kaka. "Jan ƙarfe yana da taushi. Idan aka matse shi, sai ya lotsa ya toshe kowace kafa. Amma sau ɗaya yake yarda. Daga nan sai ya taurare, kamar kan wata da na sani."

Kaka ta rataya zoben a jikin waya, ta kunna wutar gas a ƙarƙashinsa. Ta ja ƙofar rumfar don wurin ya yi duhu.

Yarinyar ta zuba ido. Zoben ya yi baƙi. Sai shuɗi da kore suka bi ta kansa suka wuce. Can sai ya fara haske da kansa, ja jawur, kamar garwashi. Ba ta taɓa sanin ƙarfe yana iya haka ba.

"Yanzu," in ji Kaka, ta tsoma shi a ruwa.

Ya yi cuu. Da aka tsamo shi aka goge, sai ga shi fes, har da ƙyalli.

"Ya koma sabo," in ji yarinyar a hankali.

"Ya koma mai taushi. Wani tsohon maƙeri ya koya mini, ina kamar ke. Je ki ɗaure. Idan ya kama, ki ƙara kaɗan ki bari. Ba kokawa kuke yi ba."

Suka mayar da man ta mazurari. Kaka ta tayar da injin, suka sa sabon kwali. Minti biyar suna tsaye a kansa. Ko ɗigo babu.

Sun iske Malama Berit a bakin ƙofarta, riƙe da furanni. Ana ta kaɗa ƙararrawar coci. Ta shafa kujerar motar kafin ta zauna, idonta ya cika da hawaye.

"Malama, ni na sa muka makara," in ji yarinyar. Ta ba ta labarin duka, ba ta rage komai ba.

Malama Berit ta kama hannunta. Duk ƙarƙashin farcen baƙin mai ne.

"Kowa yana yar da abu," in ji ta. "Wannan ba laifi ba ne. Ɓoyewar ce ta kusa ƙona injin. Idan kika yi kuskure, ki faɗa tun yana ƙarami."

"Na ji, Malama."

"To, Gunvor, kada ki yi sauri. Ba za su fara babu ni ba. Bi ta bakin tafki, doguwar hanya."