Hoto na Bakwai

Da safiyar Laraba aka tarar da akwatin gilashin da ke tsakiyar gidan tarihi a kulle, amma zoben zinariyar da ke ciki babu shi.

Sufeton 'yan sanda ya fara da mai gadi, ya sallame shi: bai taɓa barin bakin ƙofa ba, baƙi sun shaida. Saura mai shara, da shugaban gidan, da 'yar ƙanwarsa, Auta mai hoto.

Aikin Auta shi ne ta tsaya tsakiyar ɗaki tana juyawa, ta ɗauki hotuna goma sha biyu, kowanne ya ɗan hau kan na gefensa. Kwamfuta sai ta nemo inda suka yi daidai, ta ɗinke su su zama hoto guda mai faɗi. Wanda ta haɗa ranar Talata, ƙarfe huɗu, ya nuna zoben a mazauninsa. Shugaba ya tashi huɗu da kwata, tare da ita. Bayansu mai shara ce kaɗai ta shiga, kuma makullai a ofishin da take sharewa suke.

Aka tafi da mai shara tana rantse-rantse.

Kwana biyu Auta ba ta leƙa ko'ina ba. A na uku ta ɗauki kwamfutarta ta tafi wurin Sufeto.

"Ranka ya daɗe, hoton nan ba na rana ɗaya ba ne."

"Kamar yaya?"

Ta matso da hoton. "Dubi hasken taga a ƙasa. Nan ya karye, bai haɗu ba. Na bakwai, mai akwatin, na Litinin ne."

"Ina na Talata?"

Ta buɗe shi. Akwatin wayam, ƙarfe huɗu da minti biyu, tun mai shara ba ta iso ba.

"Wa ya musanya?"

"Kawu ne ya ce haske ya ɓata shi, in sa na jiya. Ban duba ba, na sa."

"Yaushe kika duba?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun Laraba."

Sufeto ya aika aka zo da shugaba.

"Makulli bai bar aljihunka ba sai da ka tashi," in ji shi. "Zoben ya riga ka fita. Ka so hoto ya rantse maka cewa yana nan."

Shugaba bai yi gardama ba. Auta ya kalla. "Ni na sama miki aikin nan."

"Na sani, Kawu."

Aka fito da mai shara, zaninta duk ya yamutse. Auta ta durƙusa.

"Baba, ki yafe mini."

Tsohuwar ta gyara ɗankwalinta. "Ke kika faɗa musu?"

"Ni ce. Amma tun shekaranjiya na sani."

"Shekaranjiya." Ta jinjina kai. "Jiya surukina ya zo ya gan ni a bayan kantar 'yan sanda."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Wayar Auta ta yi ƙara. Mama ce, ƙanwar Kawu.