Birkin Dama

"Mijina ya ce ke ƙanwarsa ce," in ji Baturiyar, tana murmushi. "Amma ba ku kama."

Ina durƙushe ina ba tayar kekenta iska a bakin gangaren Sabga. Ban ɗago ba sai da na gama.

Shekara shida na jira Ambe. Ranar Talata ya dawo daga Beljiyam da jakar goyo, da wannan mata mai suna Katrien, wadda ya ce wa kowa abokiyar yawon duniya ce. Ranar Asabar ne kawunnansa za su zo gidanmu neman aurena. Mami, mahaifiyata, ta riga ta sayi gwazar da za ta daka.

Na ja shi bayan rumfar babana, na yi masa magana da yarenmu.

"Ƙanwa, Ambe?"

"Akwen, masoyiyata, rage murya..."

"Yaushe kuka yi aure?"

"Shekara uku. Don takardun zama a can ne kawai. Saura biyu in rabu da ita."

"Ranar Asabar fa?"

"Za a yi. Ita tana Kribi lokacin, tana wanka a teku." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kin kusa talatin, kina warin man keke. In ba ni ba, wa zai zo?"

Ya faɗe shi a hankali, kamar mai faɗin farashin gishiri.

Babana, Pa Ndifor, shekara arba'in yana gyaran keke, kuma irin na da yake ɗaura birki: hannun dama na tayar gaba, hagu na baya. A ƙasashen da baƙi masu hayar kekunanmu suke fitowa akasin haka ne. Wanda ya damƙe dama da ƙarfi a gangare, yana zaton baya ya kama, keken zai tsaya cak, shi kuma ya wuce ta sama. Shi ya sa ba na sakin baƙo sai na faɗa masa sau uku.

Na faɗa wa Katrien sau uku. Na ɗaura mata jan zare a hannun dama. Sannan na juya ga Ambe, wanda shi ma ya hau kekenmu.

"Ambe, birkin..."

"Ni za ki koya wa Sabga?" Ya yi dariya, ya koma Turanci don matarsa ta ji. "Tun yarinyar nan tana yawo ba wando nake sauka nan ba hannu. 'Yan ƙauye ke nan, kowa malami ne."

Katrien ta yi dariya ita ma, ba da mugunta ba. Ko sau ɗaya ban gama faɗa masa ba. Na rufe bakina.

Shi ne a gaba, ita a tsakiya, ni a baya. Iska na kaɗa rigarsa. Filin Ndop shimfiɗe a ƙasa, gonakin shinkafa suna ƙyalli. Kwana ta farko ya sha ta da kyau. Ta biyu ma haka, har ya ɗaga hannu ɗaya yana ihu.

A ta uku shanun Mbororo suna tsallaka titi.

Shekara shida yana hawan keke zuwa aiki a can. Hannunsa ya manta da irin birkin babana. Na ga tayar baya ta tashi. Na ga jakar ta biyo shi ta danne masa wuya a kan kwalta. Bai yi ƙara ba. Shanun suka kewaye shi suka wuce.

Motar kabeji ce ta kai mu asibiti. Likita ya ce laka ta taɓu a wuya. Zai rayu, zai yi magana, amma daga kafaɗa zuwa ƙasa sai abin da Allah ya yi.

Katrien ta kwana tara a gefen gadonsa. Rana ta goma mahaifiyarsa ta shigo, ta rungume ni tana kuka tana kirana surukarta, wata ma'aikaciyar jinya kuma ta fassara. Katrien ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce e. Ta ninke tawul ɗin da take goge masa fuska da shi, ta ajiye a kan kujera, ta ɗauki jakarta. Daga Douala ta turo saƙo cewa lauyanta zai neme shi.

Bayan wata huɗu kawunnansa suka zo da bammi.

"Ba dole, 'yata," in ji Mami a madafa, ba ta kalle ni ba. "Amma duk Bambili an san kin jira shi yana da ƙafafunsa. Ki ƙi shi yanzu, ƙannenki mata uku ne, wa zai shigo gidan nan?"

Babana ya kira ni waje. Tun ranar bai sake ba da hayar keke ba.

"Kin faɗa masa, Akwen?"

"Na fara, Pa."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. "To, je ki karɓi ƙahon bammin."

An shigo da Ambe a keken guragu, an sa masa riga mai aiki wadda ta yi masa yawa. Babban kawunsa ya cika ƙaho da bammi ya miƙa mini. A wurinmu mace takan kurɓa, sannan ta ba namijin da ta yarda da shi, ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

Na kurɓa. Na tsaya a gabansa. Hannuwansa suna kan cinya inda aka ajiye su.

Na durƙusa na kai masa ƙahon baki.

"Kin san zancen birkin nan," ya ce, yadda ni kaɗai zan ji.

"Na sani."

"Me ya sa kika yarda, to?"

"In ba ni ba, wa zai share maka baki? Sha, mijina. Mutane suna kallo."

Ya sha. Rabi ya zube masa a riga. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma na sa gefen zanena na goge masa haɓa.