Ranar da Karimatu Ta Zuba Yaji a Wuta

Karimatu na tsakar gida tana dakan yaji, ta rufe hanci da gefen ɗankwali, sai ta ji muryar Yaya Yuguda a zaure. Taɓarya ta kusa suɓuce mata. Tun da mahaifinsu ya rasu Yuguda ya zama babba a gida, kuma da bel yake mulki. Yarinyar da ke sa ƙawayenta dariya har su riƙe ciki, da ta ji takunsa sai bakinta ya mutu murus.

Yuguda mai tsire ne a bakin titin unguwar Briqueterie. Daga unguwannin Tsinga da Messa mutane ke takowa cin namansa, shi kuwa ya san sarai yajin ne ke kiransu. Haɗin marigayiya Inna, mahaifiyarsu, ne, Karimatu kaɗai ta koya. In ta yi aure wa zai daka masa? Shi ya sa duk saurayin da ya yi sallama da ita sai ya koma gida da kumburi. Biyu sun gwada, suka ce a kai kasuwa.

Na ukun shi ne Siddiƙ, wani tela ɗan unguwar Nkomkana mai sanyin magana, Hausarsa da ƙamshin Fillanci. Son shi take kamar ranta, ko da yake ba ta taɓa iya faɗa da ƙarfi ba. Ya turo manyansa da goro, Yuguda ya watsa goron a kwata a gaban dattawa, sannan ya shigo ya zane ta har bel ɗin ya tsinke. Goggo Saliha, ƙanwar mahaifinsu, tana ɗaki tana ji. Sai da ya fita ta zo da ruwan zafi tana gasa mata baya, tana ta ce mata ta yi haƙuri, mai haƙuri kan dafa dutse. Goggo ma tsoron take ji, ta dai raɗa masa suna haƙuri ne.

Wata ranar Asabar bayan la'asar Karimatu ta ɗauki kwanon yaji za ta kai teburin yayanta. Tun daga nesa ta hango mutane sun yi cirko-cirko. Ashe Siddiƙ ne ya zo da kansa, ya durƙusa yana roƙo. Yuguda ya shaƙo wuyan rigarsa, ya kai masa naushi a baki, jini ya ɓalle. Sai ya damƙi hannunsa na dama, ya ja shi wajen ragar da tsire ke kai, garwashi ya yi jajir a ƙarƙashi.

"Da wannan kake ɗinki ko? Yau zan ga da me za ka riƙe almakashi."

Ya danna tafin a kan ƙarfen. Siddiƙ ya ƙwalla ƙara. Masu kallo na ta ba shi haƙuri da Faransanci, "pardon, pardon", amma ba wanda ya matso, don ga wuƙar yanka a ɗaya hannun Yuguda.

Zuciyar Karimatu na ce mata ta juya gida, kamar kullum. Sai ƙaurin fatar Siddiƙ ya daki hancinta. Ba ta san lokacin da ta kutsa ba, ta kife kwanon yaji kaf a kan garwashin.

Wanda ya taɓa jin barkono a wuta ya san sauran. Hayaƙi ya turnuƙe, titi ya ruɗe da tari da atishawa. Yuguda ya saki hannun Siddiƙ, ya yar da wuƙar, yana murza ido. Da ya gane wadda ta yi, ya ɗauke ta da mari har ta faɗi, leɓenta ya fashe. Ta miƙe. Hawaye na zuba, amma ta tsaya tsakaninsa da Siddiƙ.

"Yaya, ka dake ni yadda nake dakan yajin nan, na saba. Amma wallahi ka ƙara taɓa shi, hannuna da taɓarya sun rabu har abada. Shi nake so, kuma kowa ya ji."

Ya sake ɗaga hannu. Wannan karon maza suka riƙe shi, don kunya ta kama su, yarinya ta yi abin da suka kasa.

Labari ya riga ta isa gida. Goggo Saliha ta ga leɓen, ta yi kuka, sannan ta yafa mayafi ta tafi wurin limamin unguwa, ta faɗi duk abin da ta daɗe tana ji ta bayan ƙofa. Dattawa suka zauna, suka ce wanda ya watsa goro a kwata kuma ya ƙona baƙonsa bai isa waliyyi ba. Aka mai da maganar hannun Baffa Haman, ƙanen mahaifinta.

Hannun Siddiƙ ya daɗe a naɗe, yatsu biyu ba su ƙara miƙewa sosai ba, amma da shi ya ɗinka mata kayan aure. Yuguda bai je ɗaurin auren ba. Kasuwarsa ta yi sanyi, har wata rana ya zo ƙofar gidan aurenta ya yi sallama, kansa a ƙasa. Karimatu ta tsorata, don tsoro ba ya fita rana ɗaya. Duk da haka ta fito, ta gaishe shi da ladabi, ta ce za ta daka masa yajin, amma sai ya fara neman gafarar mijinta. Ya nema.

'Yan mata, haƙuri daban, tsoro daban. Haƙuri ya kai Karimatu ɗakin mijinta, amma sai da ta buɗe baki tana cikin tsoro. Wadda ta ce sai tsoro ya tafi za ta yi magana, da bakinta a rufe za ta tsufa.