Yatsan da Ya Zame

A bakin kogin Asano ne Chizuru ta fara ganin Sohei, yana zaune yana kaɗa shamisen, wani irin molo mai tsirkiya uku. Ta tsaya cak har ta manta da kifin da ta sayo.

"Wanene malaminka?"

"Ba ni da malami, a intanet nake sauke kiɗa ina kwaikwaya."

Ta yi dariya. Ba ta gaya masa mahaifinta, Malam Morioka, ya shekara talatin yana koyar da wannan kiɗa ba. Masoya dai ba sa son ɓata hira.

Bayan wata shida ta tura masa saƙo: "Makaɗina, Baba ya ce ka zo ranar Lahadi da molonka. Kada ka ba ni kunya."

Ya amsa: "Tsuntsuwata, zan kaɗa wanda na fi iyawa."

Ranar ya durƙusa a gaban Malam ya fara. Kiɗi na tafiya lafiya lau, sai a tsakiya ya zame yatsa da gangan, ya ɗan dakata, ya ci gaba. Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Malam.

"Ina ka samo wannan?"

"A wani shafi na sauke, ranka ya daɗe. Don koyo kawai, ban sayar ba."

"Kiɗana ne! A taron ɗalibaina wani ya naɗe shi a ɓoye ya watsa. Ko don koyo ne, doka ta hana sauke abin sata. Kuma zamewar nan kuskure ne, shekara takwas ina jin kunyarsa!"

Sohei ya daskare. "Kuskure? Wata uku na yi ina koyon wurin."

Chizuru ta dafe ƙirji. Malam ya nuna ƙofa, ya ce ba zai ba ɓarawon kiɗansa 'ya ba.

Sohei ya goge kiɗan, ya kai ƙarar shafin har aka rufe shi, sannan ya riƙa zuwa kowace safiya yana durƙusawa a ƙofar gidan. Chizuru ta rame don tsoron rasa shi.

A rana ta goma sha biyu Malam ya fito, fuska a murtuke.

"Sau nawa ka saurari kiɗan nan?"

"Ya fi dubu."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Ɗalibansa duka ba wanda ya taɓa sauraronsa haka.

"Shigo, mara kunya. Kunne irin naka bai kamata ya zauna a waje ba."

Da bazara aka ɗaura auren. Malam ya haɗa hannayensu.

"Na ba ka 'yata da izinina, ka riƙe ta amana. Allah ya albarkace ku."

Chizuru ta fashe da kukan murna.