Gurasar da Alkasim Ya Ƙi Ci

"Wallahi Alkasim, in ba ka karɓi gurasar nan ba, ni da kai halas, mun rabu!"

Nuha ta faɗa ƙasa-ƙasa, haƙora a cije, tana miƙa masa rabin gurasa da ta shafa wa cuku. Igiyar jakar goyon da ta saya a gwanjo ta tsinke tun a kwanar farko, takalmin aro ya ci mata dunduniya, ga wanda ta haɗa duk wannan wahalar dominsa ya tsaya yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura.

"Na ƙoshi, Nuhata... lahiya lau nike."

"Ka ƙoshi da me? Da iska?!"

Ya saci kallon yayanta Bandar da ke zaune kan dutse, ya sake sunkuyar da kai.

Kai, namiji da taurin kai!

Wata biyu ke nan da Alkasim, ɗan Agadas mai aikin lodi a Tashar Jiragen Ruwa, ya je gaisuwa gidan su Nuha a unguwar Nuzla ta Jidda. Mahaifiyarta Ummi ta wuni a kan shinkafar bukhari. Bandar, wanda shi ne uba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya zuba masa gahawa da hannunsa. Bawan Allahn nan ya ƙi hawa kujera, ya durƙusa a bakin ƙofa, ko ƙwayar shinkafa bai kai baki ba. A Jidda kuwa, wanda ya ƙi abincinka kai ya ƙi. Hind 'yar kawunsu, da ta daɗe tana yi wa yayanta Saif sharar fage, sai ta samu abin yi. Kullum tana kunnen Bandar, wai Alkasim ƙyamarsu yake yi. Nuha ta tambayi Alkasim dalili har ta gaji, amsarsa ɗaya ce: "Ba komai."

Da ƙyar ta shawo kan Bandar ya yarda su fito tare hawan kwazazzabon da ke ƙarƙashin dutsen Hada, tafiyar talaka, tsohuwar mota ɗaya, gurasa, gwangwanin kifi da ruwa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata.

"In ya sa hannu a abinci tare da ni, mu yi magana. In ya ƙi, kar ki ƙara kawo min sunansa."

Ta faɗa wa Alkasim tun a waya. Ya ce to. Ga shi kuma an shimfiɗa leda, hannu ya ƙi miƙuwa!

"Yalla, mu tashi," in ji Bandar yana kakkaɓe wando, fuska ba annuri.

Hind, da ta liƙe musu a tafiyar, ta matso tana gyara tabarau.

"Habibti, ni ban ce komai ba fa... amma Saif ko guba kika ba shi zai cinye."

"To ki dafa masa!"

Suka ci gaba da hawa. Wurin kam ya haɗu, ba ƙarya. Jajayen duwatsu sun tsaya dama da hagu, hazo na gangarowa daga saman Hada, birai na tsalle suna leƙen jakunkuna. Amma Nuha ba ta ga ko ɗaya ba, takaici ya rufe mata ido. Alkasim na baya da jaka uku, tasa da tata da ta Hind, wadda ta ce wai kafaɗarta na ciwo. Tun asuba ko ruwa bai kurɓa ba, don duk inda ya juya Bandar na nan.

Suna dab da ƙarshen hawan ta ji tim!

"Alkasim!!"

Yana zube a kan tsakuwa, leɓe ya bushe, gwiwa na jini. Bandar ne ya riga kowa isa, ya tallafo kansa ya kai masa gora baki. Sai mutumin nan, a wannan halin, ya kau da kai!

Nan haƙurin Nuha ya ƙare. Ta fashe da kuka.

"Ka kashe ni ka huta! Na yi faɗa da Ummi saboda kai, na yi gaba da Yaya saboda kai, dubi ƙafata! In ba ka so na ka faɗa yanzu, a gaban kowa!"

"Ina son ki... Allah ya sani."

"To me muka yi maka, ya akhi?" Bandar ya daka masa tsawa. "Ruwan nawa ma najasa ne?"

Alkasim ya runtse ido.

"Yaya, ka yi mini gahwara. Kai ne uba gare ta. A wurinmu mutum ba ya tauna gaban surukinsa, ba ya sha. Babana har ya rasu kakana bai taɓa ganin bakinsa na motsi ba. Na yi niyya yau, wallahi na yi... hannun ne ya ƙiya. In na ci gabanka, ji nike kamar na zage ka."



Nuha ta dafe baki. Wata biyu tana kuka a kan raini, ashe girmamawa ce ta kusa kashe mata aure! Su da aka haifa a Jidda, Hausar ma sai sun haɗa da Larabci, ina za su san wannan?

"Tatsuniya ce kawai," Hind ta taɓe baki. "Yunwa ce ta..."

Bandar ya katse ta. "Hind, ɗauki jakarki. Kafaɗar ta warke."

Ya dubi Alkasim. Sai ya miƙa wa Nuha gorar da sauran gurasa, ya taka zuwa bakin kwazazzabon, ya juya musu baya, ya harɗe hannuwa.

"Ni yanzu duwatsu nake kallo, ban ga kowa ba. Nuha, ba shi ya ci."

Ta durƙusa, hawaye da dariya a haɗe.

"Ci, ya galbi, zuciyata... ci, kafin in shaƙe ka."

Alkasim ya kafa kai a gora kamar ba gobe.

"Ran Alhamis ka turo manyanka," in ji Bandar, har yanzu bai waiwayo ba. "In ka haɗiye ka yi tari, wuyana ya fara gajiya."