Rauta a Ɗakin Tukwane

Rana ta yi ja lokacin da Lawal ya miƙo wa Saude ƙaramin rauta, na'urar raba sabis ɗin intanet, ta ƙofar zaure. Ƙanin mijinta ne, mai shagon cajin waya a ƙofar gidansu a Ƙafin Maiyaki. A shagon nan babban rautan yake, eriyarsa can a kan doguwar gora. Sabis ɗinsa yana kaiwa zaure, amma katangun ƙasa na gidan sun fi ƙarfinsa, ɗakin Saude kuwa can ƙurya yake.

"Na riga na haɗa shi da na shago, Yaya," ya ce, yana naɗe hannun riga zai yi alwala. "Ki nemi tsakiyar gida, inda sabis ɗina bai mutu ba tukuna, ki jona shi a nan. Shi zai karɓa ya miƙa miki har gado. Kya huta da tsayuwa a zaure kamar baƙuwa."

Gidan babba ne, ba kowa ciki sai ita da akuya. Mijinta Hamidu yana Fatakwal yana sayar da albasa, daga sallah sai sallah ake ganinsa. 'Yarsu Kulu tana aure a Tudun Wada. Surukarta Iya ta rasu bara. Kaɗaici ya ci Saude sosai, har takan tsinci kanta tana ba akuya labari.

Ta ɗauki rautan, tana jan doguwar wayar wuta daga sola, idonta a kan sandunan sabis. Suna raguwa tana tafiya. Inda suka tsaya da ɗan ƙarfinsu shi ne tsohon ɗakin tukwane, a tsakiyar gidan.

Duk wanda ya zauna gidan nan ya san ɗakin yana da masu shi. Iya ba ta taɓa gifta shi ba ta ce "Salamu alaikum, masu ɗaki" ba, kuma in rana ta yi ja, ko tukunyar miya take nema sai gobe. Saude ta san wannan sarai. Amma ranar hankalinta na kan waya. Ta ture ƙyaure da kafaɗa, ba sallama ba bisimilla, ta ɗora rautan kan wata kifaffiyar tukunya, ta jona. Fitilarsa ta yi kore. Sai da ta fito ta tuna, ta ce a ranta ai an riga an yi.

Bayan magariba Hamidu ya kira, tana kishingiɗe a gadonta. Muryarsa tar, ba yankewa. Ya tambayi ciwon gwiwarta. Ya tambayi abin da ta dafa, da yadda masarar bayan gida ta yi. Ita kuwa abin nema ya samu, ta yi ta zuba, yana cewa "Uhm, sai me?" Ta kwanta da murmushi, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Kullum bayan magariba sai ya kira. Sai dai sabis ɗin ya fara ja da baya.

"Matso, Saude, ba na jin ki sosai," Hamidu ya ce.

Ta koma bakin ƙofarta. Kwana kaɗan, nan ma ya ƙi. Ta koma wajen turmi, daga nan gindin rijiya. Ta ɗora laifin kan hadarin damina. Ba ta gaya wa Lawal ba, don kada ya ce a ɗauke rautan a duba, ta kwana ba hira.

Ranar da abin ya faru an wuni ana ruwa. Ƙasa ta jiƙe, kwaɗi suna ta yi a kududdufin bayan gida. Maza sun tafi masallaci. Saude na tsaye a bakin ɗakin tukwane, waya a kunne.

"Ƙara matsowa," ya ce a hankali.

Ta shiga.

Duhu, da warin kashin jemage da tsohon toka. Ƙarƙashinsu wani ƙamshi kamar na turaren wuta da ya daɗe da mutuwa. Ta tsuguna tana ba shi labarin mafarkin da ta yi da mahaifiyarta.

Akuya ta yi kuka a tsakar gida. Saude ta ji kukan a waje, ta kuma ji shi a cikin wayar.

Ta katse labarin. Ta waiwaya inda rautan yake. Ba koriyar fitila.

Ta laluba da hannu ta kamo wayar wutar. Ɓera ya datse ta. Bakin ma gara ta riga ta lulluɓe shi da ƙasa, alamar ba yau ba ne.

Ta sauke wayarta daga kunne. Fuskar wayar baƙi ƙirin.

"Ci gaba mana," muryar Hamidu ta ce daga bayan tukwane. "Sai me ta ce miki?"

Ƙyauren ya fara kuka, yana rufuwa a hankali.

"Tun da tsohuwar ta tafi ba mai gaishe ni," muryar ta ce, ƙasa-ƙasa. "Ke ma ba mai gaishe ki. Zauna."

Wani abu ya riƙe bakin mayafinta. Ba da ƙarfi ba. Kamar yaro mai roƙon kada a tafi a bar shi.

A'uzu ta fito mata a gutsure. Ta sunkuyar da kai ta zame daga mayafin, ta cusa kanta ta ɗan abin da ya rage na ƙofar. Katako ya ɗaye mata kafaɗa. Ba ta tsaya ba sai a zaure, ba takalmi ba lulluɓi, inda Lawal ya dawo daga masallaci ya same ta dafe da bango.

Washegari aka kira malamin unguwa ya yi karatu ya yi tofi, aka kwaɓa ƙasa aka toshe ƙofar ɗakin. Rautan da mayafin suna ciki, ba wanda ya ce a ɗauko.

Da yamma ta tsaya a zaure ta kira Hamidu. Hayaniyar kasuwa ta cika wayar. Ta tambaye shi yaushe rabon da ya kira ta.

"Ai kin san kasuwa, Maman Kulu, tun bayan sallah nake son in kira. Lafiya dai ko? To ga mai saye nan, zan neme ki."

Ya kashe.

Kafaɗar ta warke, tsoron ma ya ragu da kwanaki. Abin da ya ƙi barinta kewa ce, kuma kunya ta hana ta faɗa ko ga Kulu. A duk zamanta na gidan nan, ba wanda ya taɓa sauraronta har ta gama magana sai abin da aka toshe a ɗakin nan.