Kyamara Mai Launi

"Zaɓi ɗaya, Malama."

Abdulwaheed ya turo mata wayarsa a kan kantar shagon. Raudatu ta ɗauka da hannu biyu.

Hotuna biyu ne na abu guda, wani tarin taurari da ke can ƙuryar sama, mai siffar kunun da aka juya da ludayi. Na hagu baƙi da fari ne, shi ta gani sarai. Na dama, wanda ya ce mai launi ne, bai wuce tabon hayaƙi a idonta ba.

A bayan kantar, mahaifiyarsa Hajiya Afusat na zaune tana ɓarar gyaɗa, amma ba gyaɗar take kallo ba.

Shi kuwa ya duƙufa yana bayani. Kyamara biyu wani dillali a Legas ya samo masa, ɗaya zai ɗauka. Mai baƙi da fari ta fi kama haske, kafin minti ɗaya hoto ya fito tangaram. Mai launi sai an yi haƙuri da ita, hotonta dishi-dishi ne, amma akwai shuɗi da ruwan zinare a ciki. Ya ƙara da cewa, yana dariya, a dandalin intanet da yake koyon abin, tsofaffin da idonsu ya yi rauni ne suka fi son baƙi da fari.

Ɓarar gyaɗa ta tsaya.

"Mai launi," in ji Raudatu, ta yi murmushi. "Wa zai bar launi ya ɗauki toka?"

Tun tana ƙarama take da dundumi. Da magariba ta yi, duniya ta rufe mata, ba ta taɓa ganin tauraro ko ɗaya ba. Wannan ta gaya masa tun ranar da ta kawo gyaran waya shagonsa a Funtuwa, kuma shi ne ya hana shi sakat. Ya sayi tsohon madubin hangen nesa, ya koya wa kansa yadda ake sarrafa shi, ya rantse sai ya sauko mata da sama a fuskar kwamfuta.

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne maganar likitan ido a Kaduna. Ganin nata raguwa yake yi daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin kara, kuma wata rana karan zai toshe.

Ta san dalilin ɓoyewar. Hajiya Afusat ta yi shekara goma sha ɗaya tana yi wa surukarta makauniya ja-gora daga ɗaki zuwa bayi, ta kuma faɗa a bainar jama'a cewa ɗanta tilo ba zai gaji wannan aikin ba. Malam Rabe, mahaifin Raudatu, shi ma da ƙyar ya karɓi kayan gaisuwa. Yaron haifaffen Funtuwa ne, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan, amma Malam ya ce duk wanda asalinsa ke kudu wata rana can zai koma. Ga kuma Mudi, ɗan wansa, wanda suka tashi gida ɗaya da Raudatu, ya ga sau nawa ta yi karo da turmi da yamma, ya kuma daɗe yana cewa shi ko a yaya take yana so.

Kyamarar ta iso ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya wanke sama. Abdulwaheed ya ɗauro kayansa a babur ya kawo Maska, garinsu Raudatu, ya kafa su a masussukar bayan gidan Malam Rabe bayan sallar isha, rabin unguwa na tsaye a kansa.

Manhaja biyu ya gwada kafin ya tsaya a kan ɗaya. Aikinsu guda ne: kyamara ta ɗauki hoto na daƙiƙa goma, manhaja ta ɗora shi a kan na baya, a hankali hasken da ido ba ya iya kamawa ya taru har ya bayyana. Ta farko duk abin da aka ba ta ɗorawa take yi, ko girgije ne. Ta biyu kuwa in ba ta ga taurari a hoto ba sai ta jefar da shi, ta tsaya cik. Ita ya zaɓa. Ya ce ya fi son na'urar da za ta yi shiru da wadda za ta yi masa ƙarya.

Raudatu ta haɗiye wannan maganar kamar ƙaya.

Daren farko mutane suka ɗauki salati. Ita kuwa ta ƙura wa allon ido har hawaye ya zubo, ba ta ga komai ba sai duhu mai ɗan haske a tsakiya.

"Raudata, kin gani?"

"Na gani... ya fi yadda na zata."

Daga nan ta koyi sata. Kullum ya zo yakan tsaya kusa da ita yana faɗin abin da ke fitowa, ita kuma tana ƙirga daƙiƙu a zuci. Minti biyu, tsakiyar ta fito, ruwan zinare. Minti huɗu, hannun farko ya miƙe ta dama. Minti shida, na biyu ya naɗo ta ƙasa da ɗigo-ɗigon shuɗi. Kafin mako uku ta haddace shi kamar karatun allo, har tana riga shi faɗa.

Takan tambayi kanta bayan ta idar da salla: ƙaryar da ba ta cuci kowa ba sai mai yin ta, ƙarya ce? Amsar ba ta taɓa yi mata daɗi ba, sai ta daina tambaya.

Mudi ne ya kai wa Hajiya Afusat maganar idon Raudatu har gida. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ita ma tana son ganin taurarin nan da ake ta labari, kuma a bakin yarinyar take son jin bayaninsu.

Ranar Alhamis aka kawo ta a mota. Aka shimfiɗa mata darduma a masussuka, Malam Rabe ya zauna gefe da carbinsa. Abdulwaheed ya saita madubi, ya dawo ya danna farawa, sai Hajiya ta kira shi ya zauna kusa da ita, bayansa ga allon.

"Kai ka yi shiru, Waheed. 'Yata, faɗa min abin da kike gani."

Raudatu ta durƙusa gaban kwamfutar ta fara ƙirga. Ta ji takun mutum ya wuce ta wajen madubin, ba ta kawo komai a ranta ba. Ba ta ga Mudi ya cire hularsa ya kifa a bakin madubin ba. Ba ta ga manhajar ta fara jefar da hotuna ɗaya bayan ɗaya ba.

Minti biyu suka cika.

"Ga tsakiyar nan ta fito, Mama. Ruwan zinare."

Ba wanda ya yi salati. Ta ce a ranta kwarjinin baƙuwa ne ya hana su.

"Ga hannu ɗaya ya miƙe ta dama..."

Wata mata ta ja numfashi. Carbin Malam Rabe ya daina motsi. Raudatu ta ji shirun ya yi mata nauyi, amma wanda ya hau ƙarya ba ya sanin inda zai sauka, sai ta ci gaba, muryarta na ƙara zaƙi, har ta kai kan ɗigon shuɗi.

"Ya isa," in ji Hajiya Afusat a hankali. "Allon baƙi ne ƙirin, 'yata. Tun da kika fara babu komai a kansa."

Abdulwaheed ya zabura. Aka ji ya fizge hular ya yi jifa da ita, aka ji Mudi na cewa shi gaskiya kawai ya fitar, Malam Rabe kuma ya daka wa Mudin tsawa ya kore shi daga wajen. Mutane suka watse ba sallama. Hajiya ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce ba ta ƙi yarinyar don ciwonta ba, Allah ne ke ɗora wa bawa, amma ita ta riga ta yi rantsuwa. In ɗanta ya sake tako garin nan da maganar aure, ba ta yafe ba. Ta tafi mota ta zauna.

Raudatu na nan durƙushe inda take. Ta ji ya tsuguna a gabanta.

"Ka yafe min. Ban taɓa gani ba, Waheed. Ko sau ɗaya."

"Na sani."

Ta ɗago.

Ya ce tun daren farko ya sani. Ta nuna masa hannun tarin da yatsa, yatsan kuma na kan gefen allo inda babu komai. Ya koma gida bai iya cin abinci ba. Daga baya ya yanke shawara. Shi ya sa kullum yake maimaita bayanin da kalmomi iri ɗaya, a kan lokaci ɗaya, don ta haddace. Ya san wata rana Mama za ta gwada ta, ya so ta tsallake.

Ashe abin da ta ɗauka sata take yi, a baki ake ba ta.

"Mako uku kana kallona ina rawa a gabanka."

"Rufa miki asiri nake yi, Raudata."

"Mai baƙi da farin fa? Ita na gani a wayarka. Da ka canza, da na ga abin nan da idona, ko sau ɗaya, kafin ya rufe gaba ɗaya kamar yadda likita ya ce."

Ya ce ya yi tunanin haka, har ya kira dillalin. Amma in ya canza za ta gane ya sani, Mama ma za ta tambayi dalili.

Ta gyaɗa kai. Ba ta ji haushinsa ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ita ta kafa ƙaryar, shi ya yi mata jinka, kowannensu don son ɗaya. Ta hango auren da za su yi in ma Hajiya ta sauko: ita tana cewa ta gani, shi yana cewa ya yarda, har ranar da ba sauran abin gani.

Ya fara cewa zai roƙi Mama, zai kai mata malamai, zai jira ko shekara nawa ne.

"Kada ka roƙe ta. Ta fi mu gaskiya. Gobe Baba zai sa a mayar muku da kayanku."

"Raudata..."

"Mahaifiyarka na jira."

Ta saurare shi yana kwance madubin, yana naɗe wayoyi, kowane abu yana ɗaukar lokaci fiye da kullum. Daga baya ƙofar mota ta rufe, ƙarar injin ta yi nisa har ta ɓace a hanyar Funtuwa.

Ta miƙe. Kullum takan ƙirga taku daga masussuka zuwa ƙofar gida, ta shiga kamar kowa. Yau lissafin ya kwance mata, ba ta san ina ne gabas ba.

Ta san mahaifinta na nan zaune, tana jin numfashinsa.

"Baba," ta ce, "zo ka kama hannuna. Ba na gani."